Nisba Ba Ta Kai Likitanci Ba, An Samu Ahya: Me Ke Gaban Yaranmu?

Tun da aka dawo da jarrabawar shahadar sakandare bayan dogon tsaikon da yaƙi ya jawo, 'yan ajin 2023 suka zauna a ƙarshen Disambar 2024, na bayansu suka biyo a tsakiyar 2025, magana ɗaya ce take yawo a gidajenmu daga Umbadda zuwa Mayo da Haj Yusuf: nawa yaro ya kawo, kuma wace kulliya nisbarsa za ta ba shi? Ga wanda ya bi ɓangaren kimiyya ya ɗauki ahya, wato ilimin halittu masu rai, burin gida kusan ɗaya ne, likitanci. In bai samu ba, to haɗa magunguna ko likitan haƙori. In duk waɗannan sun wuce shi, aka ce ga gurbi a kulliyar kimiyya, sashen tsirrai ko na dabbobi, sai ka ga gida ya yi tsit kamar an yi rashi. Wasu su ce yaro ya sake jarrabawa, wasu su sayar da fili ko tumaki su biya kuɗin karatu na musamman, wasu kuma su ce gara ya shiga kasuwa.

Ni malamin ahya ne a wata sakandare a Umdurman, kulliyar horar da malamai na fito, kuma iyaye kan tare ni da wannan tambaya har a ƙofar masallaci. Amsata ita ce: Sudan ta yau tana da buƙatar masana ahya fiye da duk wani lokaci da mu 'yan shekara talatin da wani abu muka sani, amma takardar digiri ita kaɗai ba ta ciyar da mai ita. Wanda zai shiga, ya shiga da sanin aikin da yake hari tun daga shekarar farko, kuma ya tabbata zai yi aiki da hannunsa a ɗakin gwaji kafin ya gama.

Abin da yaƙi ya cinye

Kwana goma da fara yaƙi, ranar 25 ga Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa masu ɗauke da makamai sun mamaye babban ɗakin gwaje-gwajen lafiya na ƙasa da ke tsakiyar Khartum, wanda kowa ya sani da Ma'amal Istak, sun fitar da ma'aikatansa. A cikinsa akwai ƙwayoyin kwalara da ƙyanda da shan inna da ake ajiye don bincike, ga wutar lantarki ta ɗauke. Nan ne ake kai samfuri daga jihohi a tabbatar ko annoba ta ɓulla. Da ya tsaya, sai ƙasa ta koma kamar makaho ba sanda.

A Soba akwai Cibiyar Binciken Maisitoma ta Jami'ar Khartum, wadda Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa a 1991. Maisitoma ita ce cutar da a nan ake kira nabit. Ƙaya ta soki manomi ko makiyayi a ƙafa, wata ƙwayar cuta dangin fumfuna ko bakteriya ta shiga ta wurin, ƙafa ta yi ta kumburi shekara da shekaru, wani lokaci har a yanke ta. Ƙoƙarin wannan cibiya yana cikin abin da ya sa a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma a cikinta aka gwada sabon maganin fosravuconazole. Da sojoji suka karɓe Khartum a Maris ɗin 2025 aka samu shiga wurin, sai aka tarar an wawashe shi, samfuran da aka tara cikin gomman shekaru sun lalace.

Gidan adana tarihin halittu na jami'ar, inda malamai suke kai ɗalibai su ga kada da macizai da tsuntsaye, shi ma bai tsira ba. Dabbobin da ke raye sun mutu da yunwa da ƙishirwa don ba wanda ya iya kai musu ko ruwa. A Madani kuma, bayan garin ya faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, an wawashe rumbun adana irin shuka na ƙasa, inda aka tara dubban nau'o'in dawa da gero da riɗi da sauransu daga gonakin Sudan. A Fabrairun 2025 ma'aikatansa suka aika wani kaso na irin da suka ceto zuwa rumbun iri na duniya da ke Svalbard a ƙasar Norway.

Gini ana sake shi, na'ura ana sayo ta in an samu kuɗi. Abin da ya fi wuyar mayarwa shi ne mutane. Malaman jami'a da ƙwararrun ɗakin gwaji da yawa sun watsu zuwa Masar da Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, kuma wanda ya samu aiki a can ya saka 'ya'yansa makaranta, dawowarsa ba yau ba. Wannan giɓi shi ne yaran da ke shiga jami'a yanzu za su tarar idan sun fito.

Ba yau Khartum ta fara ba

Yana da kyau mu tuna cewa wannan birni da ilimin ahya aka gyara shi tun farko. An buɗe Kwalejin Gordon a 1902, kuma a cikinta aka kafa ɗakunan binciken Wellcome ƙarƙashin Andrew Balfour. Babban aikinsa a Khartum shi ne bin rijiyoyi da kududdufai da tankunan jiragen ruwa ana kashe tsutsar sauro, kuma da haka zazzaɓi ya ragu ƙwarai a garin. Har ɗakin gwaji aka ɗora a kan jirgin ruwa yana bin kogin Nilu. A asibitin Khartum ne likita Christopherson ya nuna a 1918 cewa ana iya warkar da tsargiya, wato fitsarin jini, da allurar antimoni. Makarantar likitanci ta Kitchener sai a 1924 ta zo.

A zamaninmu ma an sake gani. Shirin raba Khartum da maleriya da aka fara a 2002 ya dogara ne da ma'aikata masu zagaya unguwa-unguwa suna duba inda ruwa ya kwanta, suna busar da magudanan gonaki, suna gyara fasassun bututu. Ba likitoci ba ne yawancinsu. Mutane ne da aka koya musu rayuwar sauro, a samansu kuma akwai masana ƙwari da suka fito daga sashen dabbobi da kulliyar lafiyar jama'a. Likita yana jiran mara lafiya ya zo asibiti, su kuwa aikinsu shi ne rage yawan masu zuwan.

Cututtukan da muka dawo muka tarar

A Agustan 2024 ma'aikatar lafiya ta sanar da ɓarkewar kwalara. A Mayun 2025, bayan jirage marasa matuƙa sun buga tashoshin wutar lantarki, injinan tace ruwa suka tsaya, mutane suka koma shan ruwan kogi da na masu amalanken jaki, cutar ta yi mummunan tashi a Umdurman da kudancin Khartum. Wanda ya ga yadda asibitin Nau ya cika a waɗannan makonni ba ya buƙatar bayani. Da damina ta shigo kuma zazzaɓin dengi ya kwantar da gidaje, ga maleriya a gefe.

Duk waɗannan darussa ne da ke cikin littafin ahya. Kwalara bakteriya ce da ke bin ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata. Abin da ke kashe mutum shi ne ƙarewar ruwan jiki, shi ya sa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri ke riƙe rai kafin a isa asibiti. Sinadarin kulorin yana kashe ƙwayar a ruwa, amma sai an samu wanda ya iya auna shi, don in ya yi kaɗan bai yi aiki ba, in ya yi yawa mutane su ƙi sha. Sauron dengi kuwa ba a kwata yake haihuwa ba. A ruwa mai tsabta yake saka ƙwai, cikin ganga da randa da tankin rufin ɗaki da tsohuwar taya, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai cizo mako ɗaya ne zuwa kwana goma. Ƙwansa yana manne a jikin ganga ya yi watanni ko ta bushe, don haka zubar da ruwa kawai bai isa ba, sai an goge cikinta duk mako an rufe ta. To ka duba: famfo ya tsaya, kowane gida ya tara ganguna, ashe mun gina wa sauro gidaje da hannunmu.

Akwai kuma baƙon sauron maleriya mai suna Anopheles stephensi, ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Jibuti a 2012, daga baya ya shigo Habasha da Sudan, har ya kai Najeriya a 2020. Shi ma a tankunan ruwa na cikin gari yake haihuwa. Bambance shi da sauron da muka saba da shi aikin wanda ya zauna gaban maikuroskof ne, wato madubin da ke ƙara girman ƙananan halittu. Ko rigakafin maleriya da aka fara yi wa yara a Gadarif da Shuɗin Nilu a Nuwambar 2024 yana buƙatar masu kula da sanyin allura da masu tattara alƙaluma.

Ina aikin yake?

Yanzu ga tambayar da uba ya fi damuwa da ita. Zan jero hanyoyin da na sani, kowace da wahalarta.

Ta farko koyarwa, wadda nake ciki. Ƙasar nan tana da tsohon tarihi wajen horar da malamai, tun daga Bakhtar Rida da aka kafa a 1934, har zuwa kulliyar tarbiyya ta Jami'ar Khartum da ke nan Umdurman. Malamin ahya ba ya rasa aji, musamman da aka dawo da matakin makarantar tsakiya, ga malamai da yawa sun bar gari. Sai dai albashi ba ya kai wata. Malamai sun yi dogon yajin aiki a kansa a ƙarshen 2022, da yaƙi ya zo kuma an yi watanni ba a ga ko sisi ba. Yawancinmu da darussan yamma muke cike giɓi. Wanda ya zaɓi wannan hanya, gara ya shiga kulliyar tarbiyya kai tsaye, don sanin ahya daban, iya koyar da shi daban.

Ta biyu lafiyar jama'a da ta muhalli: yaƙi da sauro, gwajin ruwan sha, bin diddigin annoba, duba abinci a kasuwa. A ganina nan ne buƙata ta fi yawa a shekaru masu zuwa, a ma'aikatar lafiya da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi irin su UNICEF da MSF da Hilal Ahmar. Matsalarta, aikin ƙungiyoyi na kwantiragi ne, wata shida ko shekara, kuma tallafin ƙasashen waje ya ja baya tun farkon 2025. Wanda ya iya Turanci da shigar da alƙaluma a kwamfuta shi ake fara kira.

Ta uku ɗakin gwajin asibiti. A nan iyaye da yawa suke ruɗewa. Gwajin jini da fitsari na marasa lafiya yana da kulliyarsa daban, ta mukhtabarat, kuma sai an yi rajista da majalisar da ke kula da sana'o'in lafiya kafin a yi aiki. Digirin tsirrai ko na dabbobi ba ya ba ka lasisin buɗe ma'amal a unguwa. In wannan ne burin yaro, ya rubuta mukhtabarat a takardar neman gurbi tun farko.

Ta huɗu noma da dabbobi, wadda mu ya kamata mu fi kowa ganin darajarta. Kulliyoyin noma da likitancin dabbobi da gandun daji na Jami'ar Khartum suna Shambat, hukumar binciken noma kuma cibiyarta tana Madani. A can ne Gebisa Ejeta, ɗan ƙasar Habasha, ya yi aikin da ya haifar da irin dawa mai jure fari da aka fitar a 1983 da suna Hajin Dura 1, daga baya ya samu babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009 saboda wannan aiki da kuma yaƙi da ƙuduji, ciyawar da a nan ake kira buda. Duk manomin Gadarif ya san abin da buda take yi wa gona. Haka nan tumakin da ke tashi daga kasuwar Muwailih zuwa Sawakin ba sa hawa jirgi sai da rigakafi da gwaji, kuma mun ga yadda Saudiyya ta rufe ƙofa a 2019 da zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla. Ƙaron dakwara, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitarwa, shi ma yana buƙatar masu sanin itacensa. Wahalar wannan hanya ita ce aikin yana ƙauye, yaranmu kuwa sun saba da birni.

Ta biyar masana'antu: duba ingancin madara da mai da fulawa da sukari da magunguna, ko aiki a hukumar kula da ingancin kaya. Unguwar masana'antu ta Bahri ta sha wuta a yaƙin nan, don haka wannan hanya sai a hankali za ta buɗe. Wanda ya haɗa ahya da kimiyyar sinadarai da ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta shi zai fi samun shiga.

Ta shida bincike da koyarwa a jami'a. Doguwar hanya ce: digirin girmamawa na shekara biyar a kulliyar kimiyya, hidimar ƙasa, digiri na biyu, na uku. Tana son yaro mai haƙuri da gida mai iya jira.

Digiri ta waya

Ga abin da ya fi damuna. Da yaƙi ya rufe harabobin jami'o'i, karatu ya koma ta intanet da WhatsApp, jarrabawa kuma a cibiyoyin wucin gadi a wasu jihohi ko a ƙasashen waje. Hakan ya hana shekarun ɗalibai salwanta gaba ɗaya, kuma malaman da suka yi wannan ƙoƙari sun cancanci godiya. Amma ana iya karanta tarihi ko shari'a ta waya, ahya kuwa ba ya yiwuwa. Wanda bai taɓa shafa jini a gilashi ya rina shi ya nemo ƙwayar maleriya da idonsa ba, wanda bai taɓa shuka bakteriya a faranti ba, wanda bai taɓa feɗe kwaɗo ko ɗebo tsutsar sauro a kududdufi ba, ya haddace ahya ne kawai. Ranar da aka kira shi gwajin aiki, cikin minti biyar za a gane.

Saboda haka kafin uba ya biya kuɗi, musamman a kulliyoyi masu zaman kansu da gurbin karatu na musamman, ya je da ƙafarsa ya yi tambaya. A ina ake yin darasin aiki da hannu, a harabar kulliya ko a wani asibiti da aka yi yarjejeniya da shi? Maikuroskof nawa ke aiki, ɗalibai nawa ke kan kowanne? Malamai suna gari ko daga waje suke turo murya? Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da shirin, kuma majalisar sana'a tana yi wa waɗanda suka gama rajista? A tambayi ɗaliban aji uku da huɗu, su ne za su faɗi gaskiya. In amsoshin ba su gamsar ba, jami'ar jiha mai ɗakin gwaji a Kasala ko Gadarif ko Atbara ta fi babban suna marar komai a ciki.

Batun sake jarrabawa kuma, a yi lissafi da hankali. Yaron da maki kaɗan ya raba shi da likitanci, kuma shi da kansa yake so, zai iya gwadawa sau ɗaya. Wanda tazararsa take da nisa, bayan shekara biyun da yaƙi ya riga ya ci masa, ƙara masa wata shekarar zalunci ne.

Mu kuma fa?

Cututtukan da na ambata sun fi cin inda mutanenmu suke. Tsargiya tana cikin magudanan Jazira, inda wasu ƙananan dodon-koɗi ke ɗauke da ita su ba masu ban ruwa da yara masu wanka. Kala-azar tana Gadarif, nabit tana Sinnar da Farin Nilu da Jazira, maleriya tana bakin Shuɗin Nilu daga Mai Wurno zuwa Damazin. Manomi, masunci, mai lambu a bakin kogi, ai mu ne. Masu bincike sun daɗe suna zuwa ƙauyukanmu. Ko a binciken ƙwayoyin gado na al'ummomin Sudan da aka buga a 2008, wanda Farfesa Muntasir Ibrahim na Jami'ar Khartum yake cikin masu shi, an haɗa da Hausawa da Fulani. Wannan ba laifi ba ne. Amma ya kamata a ce cikin masu riƙe da allura da masu rubuta sakamako akwai 'ya'yanmu.

Akwai kuma abin da muke da shi wanda ba a koyarwa a jami'a, shi ne harshe da yarda. Tsohuwa a ƙauye za ta fi karɓar maganar rufe randa daga bakin 'yar unguwarsu da Hausa. Gidan da ba a shiga, mace ce kaɗai za ta iya duba gangunansa. A ajujuwan da na koyar, 'yan mata ne suka fi rinjaye a ahya, kuma su ne aka fi saurin cewa su haƙura in likitanci bai samu ba. Ga Jami'ar Ahfad ta mata a nan Umdurman, ga Jami'ar Musulunci, ga Nilain. Hana yarinya mai ƙoƙari wannan karatu asara ce ga unguwa baki ɗaya.

Bayan abin da ya faru a Shuɗin Nilu a Yulin 2022, mun yi ta magana a kan rashin wakilci da yadda ake kallonmu. Wakilci ba a majalisa kaɗai yake ba. Jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, mai duba ingancin ruwa, malamin gona, su ne ke yanke shawarar unguwar da za a fara yi wa feshi da ƙauyen da za a kai wa iri. Don haka a tabbata kowane yaro yana da raƙam watani da takardar haihuwa tun yana aji ɗaya na sakandare, kar takarda ta tsayar da shi ranar neman gurbi.

Ƙungiyoyinmu na gari da na 'yan kasuwa, waɗanda suka iya ciyar da takiyya a tsakiyar yaƙi, za su iya wannan ma. Su ɗauki nauyin ɗalibi biyu ko uku a lafiyar jama'a da noma da tarbiyya, kamar yadda ake ɗaukar nauyin ɗalibin likitanci. Su saya wa sakandaren unguwa maikuroskof ko guda biyu ne, don da ɓawon albasa da ɗigon ruwan kogi malami zai iya nuna wa yara abin da shafi ashirin bai nuna ba. Ɗalibin da ke jami'a kuma kar ya zauna jiran ɗakin gwaji ya dawo. Ya je cibiyar lafiya mafi kusa ko tawagar feshi ta ƙaramar hukuma a lokacin hutu ya ce ya zo koyo, ya riƙe littafi yana rubuta abin da ya yi da ranar da ya yi shi, ya nemi takardar shaida daga shugaban wurin. Ya ware awa ɗaya kullum ga Turanci da kwamfuta. Wanda ya yi haka shekara huɗu, ko a wane sashe nisba ta jefa shi, zai fito da abin da zai nuna wa mai ɗaukar aiki, da yardar Allah.